Fulotin Goggo a Kwarin Jimina

Shekara talatin da huɗu Baba Safiyo ya yi a ofishin filaye, kuma bai taɓa auna fili ba. Sunan ne kawai ya bi shi. Masu awo su ne ke fita rana da igiya da turaku, su dawo da lambobi a ɗan littafi. Shi yana zaune a ɗaki na ƙarshe a hawa na biyu, kusa da tagar da ba ta buɗuwa, yana mai da lambobin zane. Duk fulotin da aka raba a garin a tsawon wannan lokaci ta ƙarƙashin rularsa ya wuce. Ya san faɗi da tsawon gidajen mutane da yawa waɗanda ba su san da zamansa a duniya ba. Shi kansa a gidan haya aka haife shi, a gidan haya ya yi aure, a gidan haya kuma takardar ritaya ta same shi.

Ba wai bai nema ba ne. Ya cike takardar neman fuloti a shekararsa ta biyu a aiki, aka buɗe masa fayil, fayil ɗin ya shiga layi. Sau biyu yana isowa teburinsa, tunda shi ne mai zanen, sau biyun kuma ya ga akwai waɗanda suka riga shi, sai ya mai da nasa ƙasa. Ranar da aka yi taron sallamarsa abokan aiki sun ba da wannan labari a matsayin yabo. Matarsa, wadda kowa ke kira Goggo, tana zaune a sahun gaba. Ba ta tafa ba.

Goggo ba mai mita ba ce. Maganar fili takan taso ne kawai idan za su tashi daga wani gida zuwa wani, kuma sun tashi sau bakwai. Takan tsaya tsakiyar ɗaki tana naɗe labule, ta ce, "Malam, ina fayil ɗinmu ya kwana?" Shi kuma ya ce yana tafiya. Gaskiya yake faɗa, domin fayil ɗin ya zaga kowane ofis a ginin, har ɗakin ajiye tsintsiya ya taɓa zama shekara biyu. A haka suka haifi 'ya'ya huɗu, suka aurar, kowanne ya je ya kama nasa gidan hayar.

Ritaya ba ta karɓe shi ba. A watan farko ya zana gidan da suke ciki, ɗaki biyu da falo da kicin, ya gano bangon banɗaki ya shiga filin maƙwabci da inci huɗu, ya je ya sanar da maƙwabcin, wanda bai tambaya ba. A wata na biyu ya raba kabad ɗin kaya gida biyu da jan fensir, ya ce takalman Goggo sun ƙetare iyaka. Goggo ta kira ƙaninta a waya, ta ce ya zo ya samar wa mijinta abin yi kafin ya kafa mata turaku a kicin.

Ƙanin nata malamin lissafi ne a makarantar sakandare, Ticha ake ce masa. Yana da wata harka duk Asabar da yamma wadda ba ya son a yi maganarta gaban ɗalibansa. A ɗakin ajiya da ke bayan shagon Mai Kemis, tsakanin kwalayen auduga da na sirinji, su huɗu suke zagaye tebur: Ticha, Mai Kemis, Likitan Haƙori, da Direba, mai jan doguwar motar fasinja. Babu wanda bai haura arba'in ba. Wani wasa suke yi da ya zo cikin kwali, da littafi mai kauri da taswira, inda kowa ke zama wani mutum a wata duniya da babu ita. Mai Kemis sarkin matsafa ne, Direba shugaban ƙattai, Likitan Haƙori ɓarawo. Ticha ne alƙali, shi ke faɗin abin da ke faruwa. In mutum ya ce zai haura katanga, ko zai ci wata ƙasa da yaƙi, sai ya jefa wani ɗan ludo mai fuska ashirin. Lamba ta kai abin da alƙali ya yanka, abu ya faru. Ba ta kai ba, bai faru ba. Da Ticha ya kai Baba Safiyo wurin aka yi masa bayani, ya ce tsarin ya fi na ofishinsu sauri.

Sai idonsa ya faɗa kan taswirar.

"Wa ya zana wannan?"

"Kamfanin da ya yi wasan," in ji Ticha.

"Ina arewa?"

"Sama, ina jin."

"Kana jin. Inci ɗaya mil nawa ne?"

"Malam, duniyar fa babu ita."

"Shi ya sa ya kamata a kula. Wadda take akwai, in ka yi kuskure, mutum zai iya zuwa ya duba."

Ya ɗora yatsa kan wani kogi, ya bi 'yar kibiyar da ke nuna inda ruwan ya nufa, daga bakin teku har ƙolin dutse. Kogin hawa yake yi. Baba Safiyo ya naɗe taswirar, ya sa ta a hammata, ya tafi gida ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Bai taɓa jefa ɗan ludon ba, ko sau ɗaya. Wasa, a cewarsa, na masu filaye ne. Shi dai duk Asabar yakan zauna a kan kwalin auduga a kusurwa da ɗan littafi da fensir, yana rubuta wanda ya ci wane gari, kamar yadda masu awo ke rubutawa. Littafin wasan ya ƙunshi tarihin shekara ɗari shida na masarautu tara da rabi. Rabin wata masarauta ce da ke bayyana da damina kawai, ita ya zana da ɗige-ɗige. Ya karanta tarihin sau biyu, ya ga taswira ɗaya ba za ta iya ba, domin iyakar shekara ta 80 ba ita ce ta shekara ta 300 ba, kuma nuna su a takarda guda ƙarya ce. Cikin shekara uku ya zana taswira arba'in da ɗaya a teburin cin abinci, da tawada da fentin ruwa, kowace da shekararta, da kibiyar arewa, da sa hannunsa a ƙasa ta dama. Kogin nan mai hawa ya hana shi sukuni wata biyu, har ya yanke cewa an yi girgizar ƙasa a shekara ta 230 wadda ta karkatar da yankin. Ya zana kafin girgizar, ya zana bayanta. Ta haka ya wanke kamfanin daga zargin jahilci, ya bar shi da na sakaci kawai.

Ticha ya riƙa ɗaukar hoton taswirorin yana sawa a zauren masu wasan a intanet. Mutane daga ƙasashen da Baba Safiyo bai san yadda ake furta sunansu ba suka fara bugawa suna mannawa a bango. Wani mutum daga wata ƙasa mai sanyi ya yi wata takwas yana musu da shi kan wata gada. Baba Safiyo ba ya taɓa waya. Amsarsa da hannu yake rubutawa, da kwanan wata da lambar wasiƙa, Ticha ya ɗauki hoto ya aika. A ƙarshe mutumin ya ba da haƙuri, aka rufe fayil ɗinsa.

A shekara ta uku ne, yana zana wani wuri mai suna Kwarin Jimina da babban ma'auni, ya ga fili shimfiɗe a bakin kogi, babu mai shi. Hannu ya san aikinsa. Kafin la'asar ya ja tituna, ya yanka fulotai, ya bar wurin kasuwa da na maƙabarta. Fuloti na kusurwa, ƙafa ɗari da hamsin a kan ƙafa ɗari, wanda ke kallon ruwa, ya rubuta masa lamba ɗaya. Ya duba ya ga babu fayil ɗin kowa a gabansa. Ya ɗauko farar takarda ya rubuta shaidar mallaka, ya sa hannu, ya kai wa Goggo tana tankaɗe a ƙofar kicin.

Ta goge hannu a zani, ta karanta har ƙasa.

"Wannan a duniyar su ƙanina yake?"

"A can yake."

"Su wa ne maƙwabta?"

"Gabas wani maƙeri ne, cikin wasu gajerun mutane na wasan masu zama a duwatsu. Yamma babu kowa tukuna."

"Kar ka sa mini mai kiwon kaji."

Ta kai takardar cikin akwatin ƙarfen da take ajiye shaidar haihuwar yara. Goggo lafiyarta ƙalau, ta san babu Kwarin Jimina. Ta dai lura cewa fulotin ofis ma ba ta taɓa ganinsa ba, wannan kuwa aƙalla yana da takarda. Bayan mako biyu ta ce a dasa mata mangwaro a bayan gida, ya zana. Ta ce ƙofa ta kalli gabas, ya juya. Wurin kicin ne suka daɗe a kai, domin tana son ta riƙa ganin kogi tana girki, shi kuma ya ce iska daga can take busowa, hayaƙi zai cika falo. Maƙwabta sukan ji su da hantsi suna wannan gardama, su ce lallai kuɗin ritaya sun fito.

A wata Asabar, a shekara ta 611 ta lissafin wasan, ƙattan Direba suka yi wa sarkin matsafa ƙawanya a babban birninsa, Birnin Tagulla, da ke kan tudu. Sansaninsu a ƙasa yake, cikin Kwarin Jimina. Mai Kemis, wanda ya yini yana faɗa da mai kawo masa kaya, ya ce zai kira teku ta shanye kwarin.

"Sai ka samu goma sha takwas," in ji Ticha.

Mai Kemis ya hura ɗan ludon ya jefa. Goma sha tara.

Ticha ya miƙe tsaye, kamar yadda yake yi in abu ya girma, ya bayyana yadda teku ta taso kamar bango, ta faɗa kan kwarin. Direba ya cire hula ya ajiye kan tebur. Babu wanda ya tuna da mai zama a kusurwa sai da ya yi magana.

"Ruwan ya kai ƙafa nawa?"

"Ya shanye kwarin duka, Malam."

"Ƙafa nawa na tambaya."

Ticha ya ɗaga kafaɗa. "Dubu."

Baba Safiyo ya rubuta.

A gida ya yi lissafin ta hanya uku, duka ukun suka ba shi abu ɗaya: fuloti mai lamba ɗaya yana ƙarƙashin ruwa da ƙafa ɗari tara da arba'in, mangwaro da komai. Zana ƙarya ba zai iya ba. Matsar da fulotin zuwa kan tudu kuwa shi ne abin da ya ga ana yi wa manya a ofis, ya kuma yi shekara talatin da huɗu yana ƙin yi. Gaya wa Goggo ma bai iya ba. Saura abu ɗaya da ya sani sarai, sai ya ɗauko sabon fayil ya rubuta a bangonsa: Batun Ambaliyar Kwarin Jimina.

Su Ticha sun saba ba sa shiga sabuwar shekara a wasan sai taswirarta ta iso, domin runduna ba za ta taka inda ba a san ko ƙasa ce ko ruwa ba. Asabar ta zagayo babu taswira. Baba Safiyo ya ce ba a sauya ƙasa zuwa teku da maganar baki, sai Mai Kemis ya rubuto. Ya rubuto. Aka ce kwafi uku. Ya kawo uku, aka ce ina shaidu. Direba ya ce shi ƙattansa ko dai sun mutu, ba za su iya ba da shaida ba, ko kuma ba su mutu ba, to babu abin da za a shaida. Likitan Haƙori ya ce ɓarawonsa yana kurkuku a wata masarauta lokacin, bai ga komai ba. Aka nemi takarda daga alƙali, da ta zo aka ga bai sa kwanan wata ba.

Mako goma sha ɗaya teku tana tsaye a bakin kwari kamar bango, ba ta faɗi ba, ba ta koma ba. Ƙattai dubu uku suna ƙarƙashinta, ba rayayyu ba, ba matattu ba. Direba ya daina karɓar kuɗin mota a hannun Baba Safiyo. Mai Kemis kuwa duk Talata yakan rufe shago na awa ɗaya, ya zo ya zauna a bencin ƙofar gida, a fito a ce masa fayil ɗinsa yana kan tebur. Wata rana ya zo da kwalbar maganin tari a leda, ya ce ya ji Baba yana tari. Baba Safiyo ya mayar masa, ya kuma rubuta a fayil cewa mai nema ya yi yunƙurin ba da kyauta.

"Ni fa goma sha tara na jefa," Mai Kemis ya ce wa Ticha. "Kowa ya gani. A shekara shida ban taɓa jefa abin da ya wuce goma sha biyu a kan abu mai muhimmanci ba."

Likitan Haƙori ne ya kawo ƙarshen zancen. Ya ce akwai wani abu a kwamfutarsa da ke zana taswira cikin minti goma, da duwatsu da inuwarsu. In Asabar ta zo babu taswirar 612, shi zai kawo tasa, kuma daga ita za a ci gaba. Baba Safiyo ya tambaya ko kwamfutar na nuna fulotai. Likita ya ce wane irin fulotai. A nan Baba Safiyo ya gane inda aka kwana. A tasa taswirar, fulotin Goggo zai nutse. A ta kwamfuta, ba a taɓa yinsa ba.

Ranar Alhamis Goggo ta je sayen maganin hawan jini. Mai Kemis ya naɗe mata, ya sunkuyo kan kantar shagon, ya ce don Allah ta sa baki, Baba ya riƙe masa teku wata uku. Ta tambaye shi wace teku, ya gaya mata, har da sunan kwarin.

Ta dawo ta sami mijinta yana feƙe fensir.

"Tun yaushe?"

Bai yi kamar bai gane ba. "Mako goma sha ɗaya."

"Ruwan har ina?"

"Ƙafa ɗari tara da arba'in a kan rufi."

"Wato duk gardamar kicin ɗin nan da muke yi, a ƙarƙashin ruwa muke yinta."

"Bisa takarda, ruwan bai faɗi ba tukuna."

"Malam, ka riƙe teku da fayil?"

"Abin da nake da shi ke nan."

Goggo ta ajiye maganin. Daga nan ta shiga ɗaki, ya ji ƙarar murfin akwatin ƙarfe.

Ranar Asabar ta riga shi shiri. Ta shiga ɗakin ajiyar da mayafinta na zuwa unguwa, ta ture kwamfutar Likita gefe, ta shimfiɗa shaidar mallakarta a tsakiyar tebur. Maza huɗu suka miƙe suna gaisuwa, kowa na ƙoƙarin ba ta kujerarsa.

"Yaya, me ya kawo ki nan?" in ji Ticha.

"Kai ne alƙali?"

"Ni ne."

"Ni na goya ka, ban san ka zama alƙali ba. Karanta."

Ya karanta, ya miƙa wa Mai Kemis, shi ma ya karanta, ya miƙa wa na kusa.

"Goggo, wallahi ban san kina da fili a wurin ba," in ji Mai Kemis.

"Ka tambaya? Mutum ya kira teku a kan unguwa, ba sanarwa, ba sallama. Kai da ko maganin ciwon kai ba ka bayarwa sai ka tambayi mutum ko ya ci abinci."

"Yaƙi ne, Goggo. An yi mini ƙawanya."

"Wa ya yi maka?"

Direba ya ɗaga hannu a hankali.

"Kai kuma da duk faɗin duniyar nan ba ka ga wurin ajiye ƙattanka ba sai ƙofar gidana."

"Wurin ne ke da inuwa, Goggo. Akwai mangwaro."

Ticha ya buɗe littafin yana juya shafuka da sauri, kamar ɗalibin da aka kama bai yi aikin gida ba. Can kusa da ƙarshe ya sami abin da yake nema: duk mazaunin wuri da tsafi ya faɗa wa yana da damar jifa ɗaya don ya kare kansa da abin da ya mallaka. Ya ce tana bukatar goma sha bakwai. Ta kalle shi. Ya ce goma sha biyar. Daga kusurwa Baba Safiyo ya ce littafin goma sha bakwai ya ce, ya karanta shafin.

Goggo ta ɗauki ɗan ludon, ta juya shi, ta goge shi da bakin mayafi domin ba ta san hannun da ya bi ba. Ta yi bisimilla ta jefa. Ya gangara ya bugi kwalbar ruwa, ya dawo, ya tsaya.

Huɗu.

Direba ya durƙusa ya leƙa ƙafar tebur, ya ce dama ya daɗe yana lura teburin nan a karkace yake. Likitan Haƙori ya ce jifan da ya bugi kwalba ba jifa ba ne a wasu ƙasashe.

"Hannunki ne ya zame, Yaya," in ji Ticha. "Sake."

"Huɗu ne," in ji Baba Safiyo. Ya riga ya rubuta.

Goggo ta juya ta dube shi, yana zaune kan kwalin auduga, gwiwoyinsa a haɗe, bai ɗago daga littafin ba.

"Huɗu ne," ta ce.

Mai Kemis, wanda ya ci nasara kuma bai san inda zai ajiye ta ba, ya gyara murya. Ya ce a Birnin Tagulla akwai ɗakuna da yawa a fada, kan tudu, ruwa ba ya zuwa. Zai ba ta ɓangare guda.

"Da takarda?"

"To, fada ce, Goggo, ba a yanka ta. Zama dai za ki yi, iya son ranki."

"Na yi zama a gidajen mutane," in ji Goggo. Ta ninke shaidarta ta sa a jaka. Ta ce wa Likita ya mai da kwamfutarsa gida, taswira za ta zo daga inda ta saba zuwa.

Washegari da hantsi Baba Safiyo ya share teburin cin abinci, ya shimfiɗa takardar shekara ta 612. Komai ya zana a kanta tun makonni, duwatsu, hanyoyi, fulotai, mangwaro. Ya ja layin fensir siriri da ya zagaye kwarin, daidai inda ƙafa dubu ta tsaya. Ya dama shuɗin fenti a murfin kwalba, ya tsoma buroshi, ya kai shi kan fuloti mai lamba ɗaya, sai hannun ya tsaya a sama. Fenti ya taru a bakin buroshin yana shirin ɗiga.

"Kawo," in ji Goggo daga bayansa.

"Ba ki taɓa yi ba."

"Filina ne. Kawo."

Ya ba ta, ya matsa. Ta fara da nata, ta shafe shi a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar mai shafa wa yaro mai. Ta shafe na maƙeri, da kasuwa, da maƙabarta, da sansanin ƙattai. Ta ƙara tsoma buroshi. Da ta iso layin fensir ba ta rage sauri ba. Shuɗin ya haura tudu, ya bi hanyar dawakai, ya shiga ta ƙofar kudu, ya rufe Birnin Tagulla har hasumiyar sarkin matsafa. Ta ɗan gyara gefen ya yi kyau, sannan ta ɗaga hannu.

"Kin wuce layi," in ji Baba Safiyo.

"Da nawa?"

Ya ɗora rula. "Inci biyu da kwata. Mil ɗaya da rabi."

"Ruwa ne, Malam. Ka taɓa ganin ruwan da ya ga layin fensir ya tsaya?"

Ya tsaya da rula a hannu har fentin ya fara bushewa. Irin wannan fenti ba ya gogewa, in an matsa takardar ce ke yagewa. Sabuwar takarda tana nan naɗe a bayan ƙofa, aikin kwana huɗu ne, zai iya gamawa kafin Asabar. Ya kalli bayan ƙofar, ya kalli matarsa, wadda ke duba shuɗin da ya taɓa mata farce. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya ɗauki alƙalami mafi siriri, ya rubuta a akwatin bayani da ke ƙasan taswirar: Ruwan ya wuce inda aka yi tsammani. Ya karanta jimlar sau biyu, bai sami ƙarya a cikinta ba. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu.

"Mutum nawa ne a birnin?" in ji Goggo.

"Dubu casa'in, ban da dawakai."

"Allah ya ji ƙansu," ta ce, ta tafi famfo wanke buroshi.